Tiyar da Matashi Yake Auna Aiki da Ita: Tambayoyi da Amsoshi ga Iyaye da Malamai a Damagaram

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin iyaye, da malaman kwaleji da na lise, da masu garaji da shagunan ɗinki waɗanda ke riƙe da yara ƴan koyo a birnin Zinder da garuruwan kewaye. An jero su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma inda wata amsa ta jingina da wata an nuna hakan.

Me ake nufi da ma'aunin da matashi yake auna aiki da shi?

Ana nufin abin da yaro yake ganin shi ne ribar aiki, wato abin da in ya samu zai ce aikin ya yi, in kuma ya rasa zai ji an ƙware shi ko da ana biyansa. Wani kuɗin hannu ne a gabansa, wani rufin asirin albashin da ba ya yankewa, wani so yake a gaishe shi da girmamawa a unguwa, wani ba ya son kowa ya ba shi umarni, wata kuma ba ta da burin da ya wuce ta ga majinyacin da ta kula da shi ya miƙe da ƙafarsa. Abin kamar tiya ne a Kasuwar Dole: hatsin ɗaya ne, amma in tiyar mutum biyu ta bambanta, ba za su taɓa yarda da lissafin juna ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bibiyar wannan batu. Wani Ba'amurke mai suna Donald Super ya fitar da jerin tambayoyi a 1970 da ke auna abubuwa 15 da mutane ke nema a aiki, daga cikinsu akwai kuɗin shiga, da tabbacin ɗorewar aiki, da martaba, da cin gashin kai, da ƙirƙira, da taimakon jama'a, da dacewa da maigida da abokan aiki. Sukan raba su gida biyu, ribar da ke cikin aikin kansa da ribar da aikin yake jawowa daga waje. A wurinmu akwai abu uku da jerin bai ba su suna ba, alhali su ne kan gaba a zancen iyaye, wato halal, da albarka, da ɗaukar nauyin gida.

Ina bambancin wannan da sha'awar yaro ko iyawarsa?

Sha'awa ita ce abin da yake jan hankalinsa, iyawa ita ce abin da hannunsa ko kansa ya kama, ma'auni kuwa shi ne dalilin da zai sa ya zauna a kan abin ko ya watsar da shi. A ɗauki yara uku da suka tashi suna kwance injin moto suna mayarwa, dukansu masu sha'awa ne kuma masu iyawa. Na farko burinsa ya buɗe garajin kansa ko da a gindin bishiya ne, domin a ganinsa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na biyu yana mafarkin kakin ma'aikata da albashin ƙarshen wata a matatar mai. Na uku ya lura cewa mai sayar da kayan gyara ya fi mai gyaran samu, saboda haka hankalinsa ya koma hanyar Kano. In aka tura su ukun hanya ɗaya don kawai an ga suna son inji, biyu daga cikinsu za su yi ta sauya wuri har a fara ce musu marasa zuciya.

Tun daga wace shekara yaro yake fara wannan awo?

Tun kafin iyaye su ankara. Wata masaniya Ba'amurkiya, Linda Gottfredson, ta bayyana a 1981 cewa yaro yana fara soke wasu sana'o'i daga zuciyarsa tun yana ƙarami: tsakanin shekara 6 zuwa 8 yana ware aikin maza da na mata, tsakanin 9 zuwa 13 yana ware aikin manyan mutane da wanda ake rainawa, sai daga shekara 14 zuwa sama yake fara tambayar abin da ya dace da shi shi kansa. Ma'anar wannan ita ce, ranar da aka zaunar da ɗan ajin ƙarshe na kwaleji aka tambaye shi abin da yake so ya zama, yana zaɓe ne daga cikin ɗan abin da ya rage bayan sokewar da ya yi shekaru da suka wuce, ba tare da ya san ya yi ba.

Shi kuwa Super ya kira shekaru 15 zuwa 24 lokacin lalube, wanda matashi ke gwada wannan ya gwada wancan. Don haka yaro ɗan shekara 16 da ya ce yau soja gobe likita bai lalace ba, lokacinsa ne.

Daga ina yaro yake samo ma'auninsa?

Daga gida da farko, kuma daga abin da yake gani fiye da abin da ake yi masa wa'azi. Yana ganin fuskar mahaifinsa in ya dawo daga kasuwa da magariba, yana ganin yadda mahaifiyarsa ke zubin adashi daga cinikin ƙosai ko ƙuli-ƙuli, yana kuma lura da wanda ake shimfiɗa wa darduma a wurin suna da wanda ake barin sa a tsaye. Masanin zamantakewa Melvin Kohn ya nuna tun shekarun 1960 cewa iyayen da aikinsu ya ginu a kan bin umarni sun fi koya wa ƴaƴansu biyayya, waɗanda kuma ke yanke shawara da kansu a wurin aiki sun fi koya musu tsayawa da ƙafarsu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya kwatanta ɗan ɗan kasuwa da ɗan ma'aikaci a aji ɗaya.

Akwai kuma harshenmu, wanda a ganina shi ne ya fi yin ɓarna a ɓoye. In aka ce "wane ya samu aiki," kowa ya san gwamnati ake nufi ko wata ƙungiya mai mota fara. Tela mai keke uku da yara biyar a ƙarƙashinsa, wanda ya aurar da ƙannensa ya kuma kai uwarsa Makka, sai a ji ana cewa "ai bai samu aiki ba, yana dai ɗan taɓa ɗinki." Yaro yana zaune a gefe yana jin wannan magana, kuma ba ya mantawa.

Yaya girman tasirin fada da waya?

Babba ne, musamman a shekarun samartaka, lokacin da maganar aboki ta fi ta uba zaƙi. A fada, wato majalisar da samari ke taruwa suna hira da shan shayi, kafin a sauke shayi na uku an riga an yanke hukunci a kan wanda ya ci gaba da wanda ya zama abin tausayi, kuma hukuncin yakan dogara ne a kan moto, da waya, da shadda. Facebook da TikTok sun ƙara wa abin gishiri, domin suna nuna sakamako su ɓoye hanyar da aka bi. Sai dai bai kamata a yi wa fada kuɗin goro ba. Yara da yawa ta bakin abokan fada suka ji labarin wurin koyon walda ko gyaran waya, kuma akwai fadojin da ke da asusun da ake ba ɗan'uwa jari daga ciki. Abin da ya kamata uba ya bincika shi ne wane ne ake yaba wa a fadar ɗansa, kuma a kan me.

Ɗana ya ƙi sana'ar gidanmu. Raini ne ko me?

Ba lallai ba ne ya zama raini. Damagaram gari ne na sana'ar gado: jima, da dukanci, da ƙira, da fawa, da wanzanci, da fatauci, kuma aikin fatar Zinder sananne ne har wajen Nijar. Tsarin gado yana da wata fa'ida da makaranta ba ta iya bayarwa, domin yaro yana samun malami, da kayan aiki, da masu saye, da sunan gida, duka ba tare da ya biya ko dala ba. Amma tsarin yana ɗauke da wani nauyi da ba a cika faɗa a fili ba, shi ne matsayin da al'umma ta ba kowace sana'a, har ya shafi gidan da mutum zai nemi aure. Yaron da ya guji rumfar fawa sau da yawa ba wuƙa yake gudu ba, sunan da za a kira shi da shi a gaban ƴan ajinsu yake gudu.

Abin da ya fi amfani shi ne a gano wane ɓangare na sana'ar ya ƙi. In ƙanƙantar samu ce, wataƙila shi ne zai kawo sabon salo, kamar ɗan baduku da ya fara ɗaukar hoton jakunkuna da takalma yana tallarsu ta WhatsApp ga masu saye a Yamai. In zama ƙarƙashin uba ne ya gagare shi, to cin gashin kai yake nema, kuma tura shi wurin wani maigida a sana'ar ɗaya yakan warware matsalar. In kuwa aikin ne gaba ɗaya bai kwanta masa ba, a duba amsar da ta shafi saɓanin iyaye da ƴaƴa a ƙasa.

Laifi ne matashi ya sa kuɗi a gaba?

Ba laifi ba ne, kuma wanda bai taɓa kwana da yunwa ba bai kamata ya yi saurin zargi ba. Yaron da ya ga uwarsa tana ƙirga tsabar kuɗi don sayen magani yana da hujjar sa kuɗi a sahun farko. Addini ma ya yaba wa cin gumi, domin ya tabbata a hadisi cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri a kan roƙon mutane.

Matsalar tana wurin rarrabe kuɗi mai sauri da kuɗi mai girma. Kabu-kabu yana ba da kuɗi tun ranar farko, amma bayan an cire na mai, da na gyara, da wanda za a kai wa mai moto da yamma, abin da ya rage a shekara ta goma kusan shi ne na shekarar farko, sai dai jiki ya tsufa. Ɗan koyo a garaji kuwa yakan yi shekaru yana wanke sifana da miƙa kayan aiki, ba ya samun komai sai na abinci, amma ranar da aka yaye shi yana fita da abin da ba ya ƙonewa a gobara. Haka lamarin yake ga ci-rani zuwa Libiya ko Aljeriya, da kuma haƙar zinariya tun bayan gano ta a Jado da ke arewacin Nijar a 2014. Wanda ya dawo da sabon moto shi ake gani a titi, wanda ya dawo da tari ko bashi yana kwance cikin ɗaki, saboda haka lissafin da yara ke yi a kan rabin labari yake tsaye. Taimakon da babba zai yi shi ne ya haɗa yaron da mutanen ɓangarorin biyu, ya bar shi ya yi tambaya da bakinsa.

Me ya sa ƴan boko da yawa aikin gwamnati kaɗai suke hange?

Saboda rufin asiri, kuma abin yana da tarihi. Zinder ce hedikwatar Nijar a zamanin Faransawa har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai, kuma tun daga lokacin akawu da tafinta da malamin makaranta suka zama misalin wanda ba ya jiran damina kafin ya ci. A ƙasar da fari kan shafe wahalar shekara guda, albashi da fansho ba ƙaramin abu ba ne, kuma uwar da ke yi wa ɗanta wannan addu'a ba ta yi wauta ba.

Sai dai kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma babu gwamnatin da za ta iya ɗaukar wannan ɗimbin matasa. Malaman kwantiragi sun san shekarun da ake yi ana jiran shiga sahun cikakkun ma'aikata. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 a arewacin Zinder, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a yini, ta tayar da burin yara da yawa, amma matata aikin injuna ce, ƙwararru ƙalilan take buƙata. Idan rufin asiri ne ainihin abin da matashi yake nema, ya kamata ya san cewa ana samun sa ta wasu ƙofofin, misali ƙwarewa a gyaran famfo da rijiyar burtsatse a garin da matsalar ruwa ta daɗe da zama ruwan dare, ko haɗa faranti mai aiki da hasken rana, wanda masu nemansa ke ƙaruwa a birni da ƙauye.

Ta yaya wannan ma'auni yake shafar zaɓin makaranta?

A mararraba uku ake ganinsa. Bayan CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, akwai kwalejin gama-gari, akwai kwalejin fasaha ta CET, akwai kuma cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke karɓar yaran da suka bar makaranta ko ba su taɓa shiga ba. Bayan jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji, wadda ake kira birbe, akwai lise irin ta Amadu Kuran Daga, inda daga baya ake rabuwa zuwa sashen A na adabi, da C na lissafi da kimiyya, da D na kimiyyar halittu, akwai kuma makarantun fasaha irin lisen Ɗan Kasawa da ke Maraɗi. Bayan BAC kuwa, wato jarrabawar ƙarshen lise, ga jami'ar André Salifou a cikin gari, wadda aka kafa a 2010.

Abin takaici shi ne yawancin iyalai sun ɗauki makarantar sana'a a matsayin wurin da ake kai wanda ya faɗi. Yaron da hannunsa ke ƙaiƙayin aiki sai a danne shi a sashen da ba ya so don gudun maganar mutane, ya maimaita aji sau biyu, a ƙarshe ya fito ba takarda ba sana'a, yana zaman kashe wando. A nan martabar da iyaye ke nema ce ta rinjayi abin da yaron yake nema.

Yaro ya riƙa aiki yana karatu, amfani ne ko cutarwa?

Ya danganta da shekarunsa, da yawan awoyin, da irin aikin. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta hana ɗaukar yaro aiki a ma'aikata kafin ya cika shekara 14, ko da a matsayin ɗan koyo ne. Game da awoyi, wani dogon bincike da Jeylan Mortimer ta fara a 1988 a jihar Minnesota ta Amurka, inda aka bi matasa kusan 1,000 tun suna makarantar sakandare har suka girma, ya nuna cewa masu aiki kaɗan-kaɗan a kai a kai, wanda bai wuce awa 20 a mako ba, sun fi samun ci gaba a karatu a kan masu kwashe dogon lokaci suna aiki. Yanayinsu ba irin namu ba ne, amma duk malamin da ya ga ɗalibi yana gyangyaɗi a aji bayan ya kwana a teburin mai shayi zai gane inda maganar ta dosa.

Babban hutu shi ne lokacin da ya fi dacewa da gwaji. Wata biyu a shagon kafinta ko a lambu a Mirya suna koya wa yaro abin da yake iya jurewa da abin da ba ya iyawa fiye da nasihar shekara. Sai dai a zaɓi maigida da kyau, domin wanda ya mayar da ɗan koyo ɗan aike, kullum sayo shinkafa da wanke moto, yana koya masa ne cewa aiki wulaƙanci ne.

Shin lamarin ƴan mata daban ne?

Daban ne ta fuskar tambayar da ake fara yi musu. Kafin a tambayi yarinya abin da take so, an riga an tambaye ta ko mijinta zai bari. Don haka takan auna aiki da kusancinsa da gida, da lokacin tashi, da ko ana cuɗanya da maza, shi ya sa koyarwa, da aikin jinya da ungozoma, da ɗinki, da kitso, da lalle suke kan gaba. Waɗannan sana'o'i ne masu mutunci, amma kamar yadda aka faɗa a amsar da ta shafi shekaru, ware aikin maza da na mata shi ne sokewar farko da yaro yake yi, kuma ita ce ta fi wuyar gogewa. Yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajinsu tana iya barin sashen C ba tare da kowa ya hana ta ba, don kawai ba ta taɓa ganin mace injiniya da idonta ba.

Tun 2017 akwai dokar gwamnati da ta tanadi kare karatun ƴa mace har zuwa shekara 16. Amma abin da ya fi tasiri a aikace shi ne iyaye su sa batun ci gaba da karatu ko sana'a cikin maganar aure tun kafin a sa rana, a gaban waliyyai.

Ta yaya zan gane ma'aunin ɗana, alhali ba ya buɗe baki a gabana?

Kunya ce, kuma tambaya kai tsaye ba ta karya ta. In uba ya ce "me kake so ka zama," amsar ita ce "duk abin da ka ga ya dace, Baba." Gara a bi ta hannun kawu, ko gwaggo, ko kaka, wadda wasan jika ya ba ta damar jin abin da ba a faɗa wa uwa. Kuma a yi tambayar a kan wasu mutane: tsakanin wane mai shago da wane malamin asibiti, rayuwar wa ta fi burge ka, kuma me ya sa? Dalilin da zai bayar ya fi sunan da ya zaɓa muhimmanci.

Ana kuma ganewa ta zaɓi mai tsauri, misali albashi kaɗan tabbatacce ko samu mai yawa da ba shi da tabbas, aiki a Zinder kusa da gida ko wanda ya fi shi a Agadas. Sannan a lura da abin da yake yi ba tare da an sa shi ba, da abin da yake yi da kuɗin farko da ya shigo hannunsa. Wanda ya kawo wa Inna, da wanda ya sayi tantabaru don su hayayyafa, da wanda ya sayi takalmi, kowannensu ya faɗi wani abu.

In abin da yake nema ya saɓa da namu fa?

A fara da rarrabe abin da ba a sasantawa a kansa da abin da ake iya sasantawa. Halal da haram, da hanyar da ke jefa rai cikin halaka, ba wurin ciniki ba ne. Amma zaɓi tsakanin likitanci da kasuwanci, ko tsakanin gona da garaji, wurin shawara ne. Yarjejeniya mai wa'adi takan yi aiki: ya kammala birbe sannan a ba shi shekara guda a sana'ar da yake so, a zauna a duba. Albarkar iyaye tana da nauyi ƙwarai a zuciyar ɗan Bahaushe, shi ya sa bai kamata a mayar da ita sandar duka a kan abin da ba saɓo ba, domin yaron zai bi, amma da rabin zuciya, kuma maigidansa ne zai fara ganin hakan.

Ma'aunin yana sauyawa? In abin da yake so bai samu ba, me ya rage?

Yana sauyawa. Matashi ɗan shekara 15 yakan so komai a lokaci guda, kuɗi da suna da hutu, sai aikin farko, da aure, da haihuwa su tilasta masa jera su. Gottfredson ta lura cewa in zaɓi ya yi ƙunci sosai, mutum ya fi saurin sakin abin da yake sha'awa a kan ya saki martaba, kuma ya fi saurin sakin martaba a kan ya shiga aikin da yake ganin na ɗaya jinsin ne. Wannan shi ne ya sa ake samun mai digiri da ya gwammace ya yi shekara biyar yana jiran kira a kan a gan shi riƙe da sifana.

Mafita tana cikin komawa ga dalilin, kamar yadda aka nuna a amsar da ta gabata kan gane ma'aunin yaro. Ɗalibin da ya so likitanci makinsa bai kai ba, in kula da marar lafiya ne ya ja shi, ga makarantar kiwon lafiya ta ENSP a nan Zinder, inda ake horar da ma'aikatan jinya da ungozoma. In binciken cuta ne ya burge shi, akwai aikin ɗakin gwaje-gwaje. In kuwa kiran "dokta" da farar riga ne, to martaba yake nema, kuma gara a gaya masa haka a fili kafin a sayar da gona a biya masa makarantar kuɗi.